Yadda Aka Koya Wa Na'urori Dubu Zama Iri Ɗaya

A farkon shekarun 1990, duk jami'ar da ta amsa sunanta a Turai ko Amurka tana da ɗakunan da aka jera kwamfutoci masu aiki da Unix, kuma kusan kowane sashe yana da mutum guda da wahalar na'urorin ta rataya a wuyansa. Sau da yawa ba aikin da aka ɗauke shi ya yi ba ke nan. Ɗalibi ne mai neman digirin digirgir, ko matashin malami da aka lura hannunsa ya faɗa da na'ura, sai aka ce ya riƙa leƙawa. Mark Burgess yana cikin irin waɗannan. Ɗan Birtaniya ne, ya yi digirinsa na uku a kimiyyar fiziks a Newcastle, ya tafi Jami'ar Oslo a Norway don ci gaba da bincike, sai ya tsinci kansa yana rainon kwamfutocin sashensu. Manhajar da ya rubuta a 1993 don ya samu sa'ida, wadda ya sa wa suna CFEngine, ita ce masu wannan sana'a ke ɗauka a matsayin mafarin daidaita saitin na'urori ta hanyar zamani.

Kafin a gane darajar abin da ya yi, sai an san ciwon. Kowace kwamfuta tana da saitinta, wato ɗaruruwan ƙananan fayiloli da ke faɗa mata sunanta, da adireshinta a hanyar sadarwa, da mutanen da aka yarda su shiga, da inda za ta tambayi lokaci, da inda za ta aika wasiƙa, da manhajojin da za ta tayar idan an kunna ta. A Unix yawancin waɗannan fayiloli na zaune a jaka ɗaya mai suna /etc. Ranar da aka kafa na'urori ashirin, duk kansu ɗaya ne. Bayan wata shida da ƙyar za a sami biyu da suka yi daidai. Wata ta tsaya da tsakar dare, mai kula da ita ya tashi cikin magagin barci ya gyara layi ɗaya, gari ya waye ya manta. Wata tana kashe ranar da aka sabunta sauran. Wata faifanta ya cika, sabuntawar ta tsaya a rabi ba wanda ya lura. Wani farfesa ya nemi a sa masa wata manhaja a tasa kawai. Ba wanda ya yi nufin ɓarna a cikinsu, amma a hankali kowace na'ura ta goce ta kama gabanta, kuma cikakken labarin abin da aka yi mata yana cikin kan mutum ɗaya. Ranar da ya bar aikin, labarin ya tafi da shi.

Ba wai babu kayan aiki ba ne. Stuart Feldman ya rubuta make a Bell Labs a 1976. Harshen umarni na Stephen Bourne ya fito tare da Unix bugu na bakwai a 1979, kuma da shi ake rubuta jerin umarni a fayil ɗaya a ce wa na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai cron mai tayar da aiki a lokacin da aka yanka masa. Akwai rdist, wanda ya zo da Unix na Jami'ar Berkeley a 1986, aikinsa kwafe fayiloli daga na'ura ɗaya zuwa sauran. Larry Wall ya fitar da Perl a 1987, masu kula da na'urori suka rungume shi hannu biyu. Kowa ya tara tsibin rubutun umarninsa, yana kuma alfahari da shi.

Matsalar rubutun umarni tana bayyana ne idan an dube shi da kyau. A ce ana so kowace na'ura ta san adireshin wata sabuwar firinta. Mai kula ya rubuta layi biyar: bi jerin sunayen na'urori ɗaya ɗaya, shiga kowace, buɗe fayil ɗin /etc/hosts, ƙara wannan layi a ƙarshensa. Ya saki rubutun. A na'ura ta goma sha ɗaya hanya ta yanke, rubutun ya tsaya. Ya sake sakinsa daga farko. Yanzu na'urori goma na farko suna ɗauke da layin sau biyu, ta sha bakwai da ke kashe ba ta samu ko sau ɗaya ba, ta sha tara kuwa ta kamfanin HP ce ba ta Sun ba, wani umarnin da rubutun ya kira yana zaune a wata jaka dabam, don haka ta yi shiru ba ta yi komai ba. Zamanin nan Unix ya rarrabu gida gida: SunOS, HP-UX, AIX, Ultrix, IRIX, kowanne da ɗabi'arsa. Sai a koma a cika rubutun da sharuɗɗa, in kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi kaza, har layi biyar su zama ɗari uku, wanda ya rubuta ma ba ya iya karantawa bayan shekara. Tushen abin shi ne rubutun yana ɗaukar cewa ya san halin da na'ura take ciki kafin ya taɓa ta. Alhali wannan shi ne ainihin abin da ba a sani ba.

Burgess ya juya tambayar. Maimakon a rubuta matakan da za a bi, a rubuta yadda ake so na'ura ta kasance: fayil kaza ya ƙunshi layi kaza, mallakin wane ne, izininsa kaza ne, manhaja kaza ta kasance tana aiki, jaka kaza kada a bar tsohon shara a cikinta fiye da kwana bakwai. Sai wata ƙaramar manhaja, wakili, ta zauna a kan kowace na'ura, tana tashi lokaci lokaci, ta karanta wannan bayani, ta duba abin da ke ƙasa. In sun yi daidai, ta bar shi. In sun saɓa, ta gyara wurin da ya saɓa kawai. A tayar da ita sau ɗaya ko sau dubu, sakamakon ɗaya ne. Na'urar da ke kashe ranar canji, da zarar an kunna ta za ta ɗauko bayanin ta gyara kanta. Bambancin SunOS da HP-UX kuwa ya koma cikin manhajar, ba a kan wuyan mai rubutu ba. Ya saki CFEngine kyauta ƙarƙashin lasisin GNU, ta bazu a jami'o'i da kamfanoni.

Ana ganin ɗan fiziks a cikin wannan tunani. Bai taɓa yarda cewa za a gyara na'ura sau ɗaya ta zauna a gyare ba. A wajensa gocewa ita ce ɗabi'ar kowane tsari da mutane da manhajoji ke taɓawa dare da rana, kuma magani shi ne a riƙa jawo shi zuwa daidai ba fasawa. A taron masu kula da manyan na'urori da ake kira LISA, wanda aka yi a Boston a ƙarshen 1998, ya gabatar da takarda yana cewa kwamfuta na buƙatar wani abu mai kama da garkuwar jikin ɗan Adam, wanda ke gane cuta ya yaƙe ta ba tare da an umarce shi ba. Daga baya ya faɗaɗa tunanin zuwa abin da ya kira nazariyyar alkawari: ba a tilasta wa na'ura daga nesa, kowace ce ke ɗaukar alkawarin yadda za ta kasance, sai a auna ko ta cika. A kan wannan aka gina CFEngine ta uku, wadda wakilinta ke tashi duk bayan minti biyar in ba a canza ba.

A wannan taron na Boston aka ji wata murya dabam. Steve Traugott da Joel Huddleston sun gabatar da takarda kan yadda ake kafa ɗaukacin na'urorin kamfani daga tushe, suna cewa a daina kallon su a matsayin kwamfutoci ɗai ɗai, a ɗauke su duka a matsayin babbar na'ura guda, da uwar ma'ajiya ɗaya da kowa ke ɗiba daga gare ta. Shekara huɗu bayan haka, a 2002, Traugott da Lance Brown suka fito da hujjar da ta tsone idon magoya bayan CFEngine. Suka ce jerin da aka bi wajen yin canje-canje yana da tasiri. Na'ura biyu da suka bi hanya dabam dabam za su iya cika duk sharuɗɗan da aka rubuta, amma su bambanta a dubban wuraren da ba wanda ya yi tunanin rubutawa. Wakili yana gyara abin da aka faɗa masa ne kawai. In ana son tabbaci, sai dai kowace na'ura ta fara daga faifai wayam, ta bi matakai iri ɗaya, a jeri iri ɗaya, ba tsallake.

An daɗe ana wannan muhawara a tarurruka, kuma a ganina kowannensu yana da gaskiya, sai dai gaskiyar Traugott ta zo da wuri. A 2002 sake gina saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, daga faifai wayam na nufin a kashe ta, mutum ya tsaya a gabanta a ɗaki mai sanyi, a jira sa'o'i. Ba kamfanin da zai yi haka duk mako. Gyara a tsaye, irin na Burgess, shi ne abin da ake iya yi. Abin da ya canza lissafin yana can yana tahowa ta wata hanya.

Tun a 1960 da wani abu injiniyoyin IBM a Cambridge ta jihar Massachusetts suka gano cewa ana iya sa babbar kwamfuta ɗaya ta yi kamar kwamfutoci da yawa, kowace da babbar manhajarta, kowace tana zaton ita kaɗai ce a gidan. A 1972 kamfanin ya fitar da wannan a kasuwa da sunan VM/370. Amma dabarar ta tsaya a manyan injunan bankuna da gwamnatoci, domin ƙwaƙwalwar Intel da ke cikin kwamfutocin gama-gari ba a ƙera ta don haka ba. Sai a 1998 Diane Greene da Mendel Rosenblum na Jami'ar Stanford da abokansu suka kafa VMware, suka sami hanyar zagaye wannan cikas ta manhaja. A 2001 suka fitar da ESX don sabobi. A 2003 Xen ta fito daga Jami'ar Cambridge ta Ingila. Intel da AMD suka sa wa ƙwaƙwalensu tallafin wannan aiki a 2005 da 2006, KVM ta shiga cikin Linux a 2007, Microsoft ya biyo da Hyper-V a 2008. Na'urar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja ce zalla tana zaune a cikin wata kwamfutar ƙarfe, ta zama ruwan dare.

Kamfanoni sun ruga gare ta don tsimi. Sabar ƙarfe ɗaya da a da take zaman kashe wando tana aiki ɗaya, yanzu tana ɗaukar goma ko ashirin. Kuma da farko ta yi kama da ƙarshen matsalar gocewa. Ai na'urar kwaikwayo fayil ce. A gina guda ɗaya da kyau, a ajiye ta a matsayin samfuri, duk lokacin da ake son sabuwa a kwafa. Me ya fi wannan daidaito?

An gudu ba a tsira ba. Kwafi yana daidai da samfurinsa ne ranar da aka haife shi kawai, washegari ya fara gocewa kamar kowace na'ura. Samfurin kansa yana tsufa a ma'ajiya: an gina shi a watan Janairu, wanda ya kwafa a Oktoba ya sami na'ura sabuwa ful mai ɗauke da ɓarakar tsaro ta wata tara. Kwafi kan zo da abubuwan da bai kamata a raba ba, suna ɗaya, maɓallin sirri ɗaya na SSH, wani lokaci har adireshin katin sadarwa ɗaya, sai na'urori biyu su riƙa amsa kira ɗaya. Sannan ga hoton da ake ɗauka na halin na'ura kafin a yi mata wani aiki mai haɗari. In abu ya lalace a koma ga hoton, madalla, amma komawar tana share duk gyaran tsaro da aka yi tun ranar, ta dawo da kalmar sirrin da aka soke, ta maido da ma'aikacin da aka cire. Ga kuma na'urorin da aka kashe aka manta da su, wata shida wani ya tayar da ɗaya, ta shigo hanyar sadarwa da tsoffin cututtukanta. Tal Garfinkel da Rosenblum da kansa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa VMware, sun rubuta takarda a 2005 suna jan kunne kan waɗannan abubuwa, cewa ta wasu fuskoki na'urar kwaikwayo ta fi ta ƙarfe wuyar tsarewa. Mafi girma duka shi ne yawa. A da samun sabuwar saba na buƙatar takardar neman kuɗi da makonni ana jira, wannan jiran kuwa shi ke hana su yawa. Da jiran ya koma minti goma, mai kula da na'ura hamsin ya wayi gari da ɗari biyar.

A watan Agustan 2006 Amazon ya buɗe EC2, wanda aka gina a kan Xen, kuma tawagar da ta yi aikin farko tana Cape Town ne a Afirka ta Kudu. A lokacin, mai katin banki yana iya hayar na'urar kwaikwayo a kan santi goma duk sa'a. Abu mafi muhimmanci, ba sai an roƙi mutum ba: rubutun umarni ne ke kiran Amazon ya ce ba ni na'ura ashirin, ya kuma ce karɓi abinka. Na'urar da ba ta wuce kwana biyu a duniya ba, ba za a zauna ana yi mata saiti da hannu ba.

Sabbin kayan aiki suka fito daga hannun waɗanda suka sha wuyar tsofaffin. Luke Kanies, wanda ya karanta kimiyyar sinadarai kafin ya faɗa aikin kula da na'urori, ya daɗe yana amfani da CFEngine har ya gaji da iyakokinta. A 2005 ya fara Puppet da harshen Ruby. Ya riƙe tunanin Burgess na bayyana yadda ake so abu ya kasance, ya ƙara masa tsari: komai, ko fayil ne, ko ma'aikaci, ko manhaja, abu ne mai suna da siffofi, kuma ana rubuta wanda ya dogara a kan wani, manhajar ta lissafa jerin da za ta bi. Wakilinta na tuntuɓar uwar ma'ajiya duk rabin sa'a. Adam Jacob, wanda ya yi wa kamfanoni aiki da Puppet, bai ji daɗin yadda manhaja ke zaɓar jeri da kanta ba, sai ya rubuta Chef, wadda kamfanin Opscode na Seattle ya fitar a farkon 2009, inda ake bin umarni daga sama zuwa ƙasa yadda aka rubuta. Tsohuwar gardamar jeri ce ta dawo da sabuwar riga. Thomas Hatch ya fitar da Salt a 2011. A ɓangaren Windows, inda aka saba da latsa linzami, Jeffrey Snover ya yi ta fama a cikin Microsoft har PowerShell ta fito a 2006, VMware ya gina PowerCLI a kanta don a riƙa sarrafa ɗaruruwan na'urorin kwaikwayo da rubutu, a 2013 kuma aka ƙara wa PowerShell nata hanyar bayyana halin da ake so na'ura ta zauna a kai.

Canjin da ya fi duk waɗannan sunaye nauyi, a ganina, shi ne inda rubutun ya koma zama. Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005 don masu gina Linux, amma masu kula da na'urori suka fara zuba saitinsu a ciki. Daga nan kowane canji yana da sunan wanda ya yi shi, da rana, da dalili, kuma wani na iya dubawa kafin a sake shi. Tambayar nan da ta addabi mutane shekara da shekaru, wa ya taɓa wannan fayil, ta sami amsa. A 2009 John Allspaw da Paul Hammond na Flickr suka tsaya a wani taro a California suka bayyana cewa suna sakin sabon aiki fiye da sau goma a rana, Patrick Debois kuma ya kira taro a Ghent ta Beljiyam a watan Oktoba, inda sunan DevOps, wato haɗa aikin masu rubuta manhaja da na masu kula da na'urori, ya samo asali.

Duk da haka, ba kowa ya bi ba, kuma abin da ya sami Knight Capital ya nuna kuɗin rashin bi. A lokacin kamfanin yana Jersey City, yana cikin manyan masu cinikin hannun jari a Amurka. Kasuwar hannun jari ta New York za ta fara wani sabon tsari ranar 1 ga Agustan 2012, don haka daga 27 ga Yuli Knight ya fara sa sabuwar manhaja a sabobi takwas da ke tura odar ciniki zuwa kasuwa. Ma'aikacin da ke aikin ya sa a bakwai, ta takwas ta kuɓuce masa. Babu mutum na biyu da ya duba, babu rubutacciyar ƙa'ida da ta ce a duba. A cikin tsohuwar manhajar akwai wani sashe mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a cire ba, kuma sabuwar manhajar ta ari alamar da a da ke tayar da shi ta ba ta sabon aiki. Sabobi bakwai sun fahimci alamar da sabuwar ma'ana. Ta takwas ta fahimce ta da tsohuwar. Ga shi tun 2005 an matsar da ɓangaren da ke ƙirga abin da aka riga aka saya ya ce ya isa. Kafin a buɗe kasuwa na'urorin sun aika saƙonnin imel 97 masu ambaton Power Peg, ba wanda ya ɗauke su a matsayin ƙararrawa. Ƙarfe tara da rabi aka buɗe. Daga oda 212 kacal, sabar nan ta yi ta tura ciniki ba tsayawa, har aka ƙulla fiye da miliyan 4 a hannayen jarin kamfanoni 154, cikin kimanin minti 45. Da injiniyoyi suka ruɗe, suka zaci sabuwar manhajar ce mai laifi, suka cire ta daga bakwai masu lafiya, sai cutar ta kama takwas ɗin duka. Kamfanin ya bayyana asarar dala miliyan 440, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ce ta haura miliyan 460, ta kuma ci shi tarar miliyan 12 a 2013. A shekarar ne kamfanin ya haɗe da Getco. Abin da ke sosa rai a labarin shi ne ƙanƙantar abin da ya rasa: rubutun da zai tambayi sabobi takwas wane bugu kuke ɗauke da shi, ya kwatanta amsoshin.

A wannan shekarar ta 2012 Michael DeHaan ya fitar da Ansible. Ya lura cewa mutane da yawa na gudun Puppet da Chef saboda wahalar koyo da ta kafa wakili a kowace na'ura. Ansible ba ta da wakili. Tana shiga ta SSH, ƙofar da Tatu Ylönen ya ƙera a Helsinki tun 1995 kuma take buɗe a kusan kowace saba, ana rubuta umarninta cikin YAML mai sauƙin karatu. Ta fuskar nazari koma-baya ce, tunda ba ta tashi da kanta ta gyara gocewa sai an kira ta. Ta fuskar aiki kuwa ta jawo dubban mutanen da suka tsaya a rubutun umarni na gargajiya, kuma kayan aikin da aka yi amfani da shi ya fi nagartaccen da aka ajiye. Red Hat ya saye ta a 2015.

Sai lokacin Traugott ya yi. Da gina na'ura ya koma aikin mintoci, mutane suka fara tambaya, me ya sa ake gyara ta ma? Netflix ya riƙa gina cikakken hoton na'ura ga kowane sabon bugu, ya tayar da sababbi daga hoton, ya kashe tsofaffin. Chad Fowler ya rubuta a 2013 cewa kada a sake taɓa saba bayan an tayar da ita, in ana son canji a maye gurbinta. Docker ta Solomon Hykes ta fito a shekarar, ta mai da wannan ɗabi'a abin kowa. Masu sana'ar suka yayata wata magana da Randy Bias ya aro daga Bill Baker na Microsoft, cewa a riƙi sabobi kamar shanun garke, ba kamar dabbar gida da ake sa wa suna ana jinya ba. Makiyayin da ya san kowace saniyarsa da launinta da uwarta zai yi mamakin wannan misali, amma shanun manyan gonakin Amurka masu lamba a kunne ake nufi.

Gocewa dai ba ta mutu ba, hawa ta yi bene na gaba. Na'urorin sun zama iri ɗaya, amma hanyoyin da suka haɗa su, da katangun tsaro, da izinin shiga, duk saiti ne, kuma mutum na iya shiga shafin Amazon ya latsa abu ɗaya da dare. Terraform, wadda HashiCorp ya fitar a 2014, tana ajiye lissafin abin da ta gina, kafin ta taɓa komai ta nuna bambancin da ke tsakanin rubutu da abin da ke ƙasa. Kubernetes, da Google ya saki a shekarar, zuciyarta wasu ƙananan manhajoji ne da ke zagaye ba hutu suna kwatanta abin da aka nema da abin da ake da shi, in an ce kwafi uku aka ga biyu su tayar da na uku. Wato a ƙarshe ba a zaɓi tsakanin mutanen nan biyu na taron Boston ba: ana gina kowace na'ura daga tushe yadda Traugott ya nace, ana kiwon taronsu yadda Burgess ya koyar. Kamfanonin da suka yi tashe kuwa manya sun haɗiye su. Progress ya sayi Chef a 2020, VMware ya sayi Salt a shekarar, Perforce ya sayi Puppet a 2022, IBM ya mallaki Red Hat a 2019 sannan HashiCorp a 2025.

Akwai bashin da wannan nasara ta zo da shi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Hannun da ke gyara na'ura dubu a minti ɗaya yana iya karya su a minti ɗaya. Ranar 28 ga Fabrairun 2017 wani injiniyan Amazon yana bin rubutacciyar ƙa'ida don cire sabobi kaɗan daga aiki, ya shigar da wani abu ba daidai ba, umarnin ya cire da yawa, ma'ajiyar S3 ta yankin arewacin Virginia ta durƙushe kimanin sa'a huɗu da ɗimbin shafukan intanet a bayanta. Ranar 4 ga Oktoban 2021, bayan la'asar agogon Najeriya da Nijar, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan sa'a shida, mutane da yawa suka yi ta kashe waya suna kunnawa suna zargin kamfanin layinsu. Umarni ɗaya ne da aka bayar yayin duba lafiyar manyan hanyoyin kamfanin ya yanke su duka, manhajar da aka sa ta tare irin wannan kuskure kuma ita ma tana da nata aibi. Kayan aikin gyara daga nesa sun tafi tare da hanyar, sai da aka tura injiniyoyi zuwa ɗakunan na'urorin da ƙafarsu. Saboda irin wannan ne manyan kamfanoni ke sakin canji kashi kashi: na'ura kaɗan tukuna, a zuba ido, sannan wani yanki, sannan saura, suna haƙura da bambanci na ɗan lokaci da gangan.

Kamfanin tsaro na CrowdStrike bai bi wannan tsari ba ga wani nau'in ƙaramin fayil ɗin saiti da yake tura wa abokan cinikinsa a kai a kai. Ranar 19 ga Yulin 2024 ya tura wanda ke da aibi ga kowa a lokaci guda. Ya janye shi bayan minti 78, amma Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urorin Windows miliyan 8.5 sun riga sun faɗi, da na filayen jiragen sama da asibitoci da bankuna. Yawancinsu ba sa daɗewa a kunne har gyara ya iso su ta intanet. Masu kwamfutar ƙarfe sai da suka bi su ɗaya ɗaya, su tayar da kowace a yanayin gyara, su goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291. Masu na'urorin kwaikwayo a Azure da Amazon kuwa ko dai su koma ga hoton da suka ɗauka kafin ƙarfe huɗu da minti tara na asuba agogon GMT, ko su cire faifan na'urar da ta faɗi, su maƙala shi a wata mai lafiya, su goge fayil ɗin, su mayar. Waɗanda ke da sabobi da yawa sun rubuta wa wannan aikin ma rubutun umarni. Daga baya CrowdStrike ya sanar cewa zai riƙa sakin irin waɗannan fayiloli mataki mataki, ya kuma ba abokan ciniki damar zaɓar lokacin da za su karɓa.